Wa Ya Kashe Attarugun Hajja A'i

Ranar Talata da hantsi labari ya zaga unguwar Ɗan Iya cewa an kashe wa Hajja A'i attarugu. Kafin azahar babu gidan da bai ji ba, kuma kowane gida da yadda ya ji shi. Wasu suka ce ruwan batir aka zuba, wasu suka ce kalanzir, wasu kuma suka rage murya suka ce abin ya wuce nan.

Duk wanda ya san Hajja A'i ya san ba ƙaramar ɓarna aka yi mata ba. Tun da mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, da attarugun nan take riƙe da gida. Buhu saba'in da biyu ta jera a bayan ɗakunanta, kowane buhu da gindi ɗaya, tana tsinka ta shanya ta daka yaji, har daga GRA ake aiko direba ya saya. Yanzu fiye da rabi sun langaɓe, ganyen na nan kore shar, amma a rataye kamar an tsoma shi a ruwan zafi.

Ba a daɗe ana neman wanda za a ɗora wa ba. Liatu ce, 'yar Zungur mai ɗinki, wadda ke haya a ɗakin ƙofar gidan. Makonni uku da suka wuce, lokacin da Hajja ta tafi Gombe wajen haihuwar 'yarta, ta bar wa Liatu ban ruwan lambun. Sannan a makon jiya sun yi cacar baki a kan ruwan wanki, har maƙwabta suka leƙo. Aka haɗa wannan da wancan, aka gama shari'a a bakin famfo. Hajja ta ba ta zuwa Jumma'a ta kwashe kayanta, wasu matasa kuma suka fara cewa me za a jira har Jumma'a.

Wannan maganar ce ta tayar wa Mai Unguwa Ja'afaru da hankali. Ya san unguwarsa, Musulmi da Kirista katanga ɗaya suke jingina, kuma ya san ƙaramin abu irin wannan yana iya ɗaukar wani launi kafin mutum ya ankara. Sai ya taka da kansa zuwa gidan Malam Hammajoda.

Hammajoda ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata, daga duwatsun Dass har dajin Alkaleri. A zamaninsa, in ya durƙusa ya dubi ƙasa, yakan faɗa maka saniya nawa suka wuce, wacce ke da ciki, kuma ɓarawon gurgu ne ko mai ƙiba. Da gwiwa ta gaza ya shigo gari, ya yi shekara goma sha biyu yana kula da lambun wani babban ma'aikaci a GRA, inda ya koyi karanta ganye kamar yadda ya iya karanta ƙasa. Yanzu ba abin da yake yi sai zama a ƙofar gidan ɗansa yana amsa gaisuwa.

Mai Unguwa bai gama bayani ba tsohon ya miƙe. Shekara nawa rabon da wani ya zo nemansa don idonsa? Ya ji ƙirjinsa na bugawa irin na da, lokacin da ake tashinsa a ce an kore garke. Ya suri sandarsa, ya yi gaba, har sai da Mai Unguwa ya tuna masa bai sa hula ba.

Da suka shiga bayan gidan Hajja, ransa ya ɓaci. Mata da yara sun cika wurin, sun tattake ƙasa, babu sawun da bai hau wani ba. Ya roƙi Mai Unguwa a fitar da kowa. Aka bar Hajja A'i kaɗai, tsaye, ido jawur, da ƙaninta Babayo, mai tuƙa keke napep, wanda gidansa ke jikin nata. Babayo ya kawo wa tsohon kujera, Hammajoda ya ce ba ya so.

Ya fara da buhun farko. Ya damƙi ƙasa ya shinshina, ya tona ciki ya sake shinshinawa. Babu warin kalanzir, babu na sabulu. Ya ɗanɗana a kan harshe, ya tofar, babu gishiri. Sannan ya nuna wa Hajja 'yan ƙananan ciyayin da suka tsiro a gindin attarugun, suna tsaye lafiya lau, da wata tana da ya tono tana murɗawa a tafin hannunsa.

"Hajja, gubar da za ta kashe wannan gindin, yaya za ta bar ciyawa da tana?"

Ta ce ita ba ta san wannan ba, ita dai ta san lafiya ta bar kayanta a hannun mutum. Bai ja da ita ba. Ya shiga juya ganye ɗaya bayan ɗaya. A wasu ya ga darɓa manne a ƙarƙashi, tururuwa na hawa da sauka, ganyen na danƙo a yatsa. A wasu ya girgiza reshe, 'yan fararen ƙudaje suka tashi. Babayo ya matso da sauri ya ce ai ga su nan, su ne, ƙwari ne suka yi ɓarnar. Hammajoda ya girgiza kai. Ya ce waɗannan suna tsotsa ne a hankali, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, shuka ta tsumbure, amma ba sa kayar da gindi mai 'ya'ya cikin kwana biyu yana kore. Toka da ruwan ganyen darbejiya sun ishe su.

Ya nemi izini ya tumɓuke gindi ɗaya. Saiwar ba ta da ƙulle-ƙullen nan da ke hana shuka shan ruwa, gara ba ta ci ba, tsutsa ba ta datse wuyan ba. Ya tsaya yana jujjuya shi. Duk ɓarayin da ya sani ya kira sunansu, babu wanda ya amsa. Maimakon ransa ya ɓaci, sai ya ji wani daɗi na shigarsa. Wannan sawun mai wahala ne.

Mai Unguwa ne ya kawo sunan Mansir. Ya ce an ga yaron, wanda magidanci ne mai 'ya'ya uku amma har yanzu yaro yake ce masa, da tankin feshi a baya yana fesa maganin ciyawa a kangon da ke bayan katangar Hajja. Kowa ya ce af, an manta da wannan.

Suka sami Mansir a shagonsa yana wanke tanki. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Ya ce mai kangon ne ya sa shi, kuma da safe ya yi, iska ba ta kaɗawa. Hammajoda ya ce a kai shi wurin. Ciyawar kangon ta bushe ƙurmus har gindin katanga, wannan gaskiya ne. Amma akwai zogale da ya leƙo ta saman katangar daga cikin gidan Hajja, ganyensa ko ɗigo bai ƙone ba. Kuma ya tuna layin attarugun da ke jikin wannan katangar shi ne mafi lafiya a lambun. Da feshi ne, su za su fara sha, kuma ta gefen da ke kallon kangon za su ƙone.

Ya dafa kafaɗar Mansir ya ce ya koma aikinsa. Mansir ya sauke ajiyar zuciya, kuma don jin daɗi ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce ranar da ya zo duba kangon, washegarin ruwan ƙarshe na daminar nan, ya ga ƙaramar ƙofar bayan gidan Hajja a buɗe, wadda ke fita lungu. Ya yi mamaki, don ya san tana Gombe.

Hammajoda ya ƙirga a yatsa. Kwana ashirin.

Liatu ya samu a ɗakinta tana ɗaure kaya. Ta cire kan keken ɗinki ta naɗe a zane, tukwane na cikin kwando. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Baba ya shigo, amma babu wurin zama. Ya lura ta ɗaure buhu ɗaya sau biyu ta kwance.

Ya tambaye ta ruwan wanki. Ta nuna masa inda take zubarwa. Ya sa ta ɗebo bokiti guda, ya kwarara da kansa, ya bi ruwan da ido yana tafiya a gefensa. Ruwan ya bi kwata, ya wuce ƙarƙashin zaure, ya fita titi. Ko kusa da lambun bai je ba. Faɗan da suka yi da Hajja ma a kan warin kwatar ne.

Sai ya tambaye ta ƙofar baya. Ta ce gaskiya ne. Ranar ta je addu'ar safe a coci, ta dawo ta tarar da ƙofar a buɗe. Ta ƙirga buhunan sun cika, ta ga babu abin da ya ɓata, ta rufe. Washegari da yamma kuma ta ga kamar an share gefen ƙofar. Ba ta faɗa wa Hajja ba don tsoron a ce ita ta yi sakaci.

"Baba, shekara tara nake gidan nan," ta ce. "Ni na wanke mata ƙafa lokacin da ta yi ciwon suga. Ba ɗakin ne yake damuna ba. In na fita a haka, sunan da zan tafi da shi ke nan har Zungur."

Ya ce mata kada ta ƙara ɗaure komai sai ya dawo.

Laraba, rana na fitowa yana lambun. A hanya wani tunani ya zo masa, har ya ƙara sauri yana dogara sanda. Jiya ya yi ta neman sawun mutum a ƙasar da aka tattake. Ashe mutuwar kanta tana da sawu. Ba rana ɗaya shukokin suka mutu ba. Akwai waɗanda jiya suka langaɓe, akwai waɗanda ganyensu ya fara bushewa, akwai waɗanda sun zama kara. In haka ne, ana iya binta baya-baya, kamar yadda ake bin garke daga ɗanyen kashi zuwa busasshe.

Ya fara daga ƙasan lambun, wajen sababbin mutuwa, ya riƙa hawa. Ƙasar gidan tana da ɗan gangare, kuma ya ga siririyar hanyar da rarar ruwa ke bi daga gindin wannan buhu zuwa wancan. Mutuwar a kan wannan hanyar take tafiya, ba ta kauce ba. Ya tambayi Hajja ko tana tara rarar ruwan. Ta ce ƙwarai, akwai rami a ƙasa, tana kwasa da kwano ta mayar wa shuka, ruwa tsada gare shi. Ya yi murmushi, ya ci gaba.

Sawun ya kai shi can sama, jikin ƙofar baya, ga buhu uku da suka bushe ƙayau. Hajja ta ce su ne suka fara, ta ɗauka zafin rana ne. Ya tura yatsa cikin ɗaya. Sama jar ƙasa ce irin ta sauran, amma da ya nutsa hannu sai ga baƙar ƙasa mai danƙo, ta fadama. Ya duba na biyu da na uku, haka. Ya duba na huɗu, ja ce har ƙasa. Hajja ta rantse ita ba ta taɓa sa baƙar ƙasa ba, daga bayan gari aka kawo mata ja, ta haɗa da takin akuya da hannunta.

Ya aike ta ta kawo masa ruwan sha. Tana juya baya ya ja buhun tsakiya gefe.

Tsakanin buhun da katanga, inda ruwa ba ya kaiwa kuma tsintsiya ba ta shiga ba, tsohuwar laka ta bushe kamar kasko. A cikinta ga sawun kofato guda biyu, zane raɗau. Na rago ne, babba, mai nauyi. Kofaton baya na hagu ya yi tsawo ya lanƙwashe ciki, irin na dabbar da ta daɗe a ɗaure ba ta yawo. A gefe ga layin igiya da aka ja, ga kuma guntun karan attarugu da haƙori ya tauna.

Hammajoda ya zauna a ƙasa. Bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Ya mayar da buhun, ya sha ruwan da aka kawo.

Ranar nan duk unguwa ta ɗauka rago Hammajoda yake son saya. Gida gida ya shiga, yana ɗaga ƙafar baya yana dubawa, yana taya farashin da ba mai sayarwa. Har na Mai Unguwa sai da ya ɗaga, Mai Unguwa na tsaye yana kallonsa da fuskar da ba ta san ko dariya za ta yi ba. Rago goma sha ɗaya ya duba. Na goma sha biyu yana gidan da ya bari sai ƙarshe, don zuciyarsa ba ta son ya zama shi ne. Ya ɗaga ƙafar, ya duba, ya sauke a hankali. A kan hanyar fita ya leƙa ƙarƙashin kujerar keken da ke ajiye a zaure, ya kankaro busasshiyar ƙasa da farce.

Bayan la'asar aka taru a lambun: Hajja A'i, Babayo, Liatu, Mansir, Mai Unguwa da dattawa biyu. Sauran jama'a suka cika zaure da kan katanga.

Hammajoda ya sa aka kawo kofin gilashi da ruwa mai tsabta da sabuwar reza. Ya zaɓi gindin da ya langaɓe jiya, ya yanke shi kusa da ƙasa, ya nuna musu cikin karan, wanda ya kamata ya zama fari amma ya yi ruwan ƙasa. Ya ce wani malamin gona ya taɓa nuna masa wannan gwajin a GRA, sau ɗaya, a kan tumatir. Ya tsoma bakin karan a ruwan, ya riƙe, ya ce kada kowa ya taɓa teburin.

Babu abin da ya faru. Wani a kan katanga ya yi tari. Hammajoda ya ji gumi na bin bayansa, don bai gwada tun da farko ba, kuma shekara goma sha biyar ba jiya ba ce. Ya riƙe numfashi. Sai ga wani siririn farin zare ya ɓullo daga bakin karan, yana sauka a hankali kamar hayaƙi, wani ya biyo shi, wani ya biyo, har ƙasan kofin ya fara yin kamar an ɗiga nono.

Mansir ne ya fara yin salati. Mutane suka turo kai.

Tsohon ya yi bayani da muryar da ta kai zaure. Ya ce wannan cuta ce da ke zama a ƙasa, ta shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa, shuka ta mutu da ƙishi alhali gindinta a jiƙe. Ba a zuba ta daga kwalba, ba a fesa ta daga tanki. Ƙasa ce ke kawo ta, ruwa ya yaɗa ta. Sannan ya zazzage buhun nan uku a gabansu, baƙar ƙasa ta zube a kan ja, ya nuna musu sawun da ke jikin katanga.

"Washegarin ruwan ƙarshe, rago ya tsinke ya shigo ta ƙofar nan, ya cinye gindi uku. Mai ragon ya ji tsoro. Ya je fadama ya ciro wasu uku da ƙasarsu, masu tsayi ɗaya, ya dasa, ya rufe da jar ƙasa, ya share wurin. Bai san abin da ya ɗauko ba. Ban zo in ce mugu ne ba. Amma yana nan tsaye, kuma na fi son ya faɗa da bakinsa."

Hammajoda bai dubi kowa ba, ƙasa yake kallo, kuma a ƙasan ya ga ƙafar da ta ja baya taku ɗaya ta tsaya.

"Adda, ni ne," in ji Babayo.

Maganar ta fito masa a gutsure. Ragon sunan abin da matarsa za ta haifa ne. Kullum da safe yana ɗauko kayan miya daga fadamar Zungur zuwa kasuwa, a wata gona da aka bari ya ga attarugun, ya ɗauka ya yi dabara. Da suka fara mutuwa bai haɗa abin da kansa ba, sai yau da ya ga an nufi buhunan ƙofa gabansa ya faɗi. Ya ce ya so ya yi magana, ya kasa.

Kowa ya jira Hajja A'i ta fashe, sai ga Liatu ce ta yi magana, a hankali, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Babayo, jiya da rana na gaishe ka, ka amsa. Ka ga ina ɗaure kaya, har ka ce in ina son keke in faɗa maka."

Babayo ya durƙushe a wurin, ya rufe fuska da hula.

Mai Unguwa ya kori na kan katanga. Hammajoda, da yake bai iya barin aiki rabi ba, ya shiga lissafa wa Hajja abin yi: a tumɓuke duk wanda ya kamu a ƙone, ƙasarsu a fitar da ita daga gidan, a ɗora masu lafiya a kan bulo, a cike ramin rarar ruwa, kada a ƙara mayar da shi, wuƙar tsinka a riƙa gasa ta a wuta. Ya ƙirga layin katanga da na tsakiya, ya ce ashirin da tara za su iya tsira, sun isa iri. Ya ƙara da cewa mai keke ya san wanda zai kwashe ƙasar ya kawo sabuwa. Babayo ya gyaɗa kai daga inda yake.

Sai ya lura da kansa yake magana. Hajja ba ta wurin. Ya bi ta da ido, ya hango ta ta ratsa tsakar gida ta shiga ɗakin ƙofa ba sallama. Liatu ta bi bayanta da sauri, shi ma ya ɗan matsa har inda zai iya gani.

Hajja A'i na durƙushe a kan gwiwoyinta masu ciwo, tana fama da ƙullin zanen da aka naɗe kan keken ɗinki. Ƙullin ya ƙi. Ta sa haƙori, hawaye na ɗiga a kan zanen. Liatu ta tsaya a kanta tana kallo.

Daga baya ta durƙusa ita ma, ta janye hannun Hajja a hankali.

"Bari, Hajja, za ki karya haƙori. Ni na ɗaure, na san bakinsa."